An gina wa mota gada, an bar mai ƙafa da ɗan daba

Wani dare bayan sallar isha'i ina cikin adaidaita sahu a kan ɗaya daga manyan titunan garin nan, sai direban ya hau faɗa. Mutane ne ke tafiya a kan kwalta, maza da mata har da mai goyo, ga hanyar masu ƙafa a gefe da interlok ɗinta, babu kowa a kai. Ya juyo ya ce da ni, "Malam ka ga mutanen Kano ko? An yi musu hanya sun ƙi bi. Sai ka buge mutum a ce kai ne da laifi."

Na leƙa na dubi hanyar da yake nufi. Duhu ne ƙirin. Fitilar tana can tsakiyar titi a kan dogon ƙarfe, haskenta a kan motoci yake sauka. A gefe kuwa doguwar katanga ce babu ƙofa ko ɗaya, rassan darbejiya sun rufe sama, an ɗauke murfin lambatu a wurare da yawa. Mutanen nan da hankalinsu. Aunawa suka yi tsakanin mota ta goge su da yaro ya fito musu daga duhu da wuƙa, suka zaɓi motar.

Ga ra'ayina tun daga farko. Yadda muke gina titunan Kano yana taimaka wa mai ƙwacen waya. Muna kashe maƙudan kuɗi don mota ta wuce da gudu, shi kuwa mai tafiya a ƙasa, wanda shi ne ya fi yawa a garin, an bar masa ragowa. Idan ana son a rage ƙwace a tsakiyar birni, sai an sa mai ƙafa a lissafi tun daga kan takardar zanen titi: inda zai taka, hasken da zai gani da shi, da mutanen da za su gan shi.

Wurin da ɓarawo yake so

Mai ƙwace ba ya tsayawa ko'ina. Yana neman inda ba za a gan shi ba kafin ya fito, inda babu wanda zai kawo ɗauki, da kuma lungun da zai faɗa idan ya gama. Tambayi kowane ɗan unguwa, zai lissafa maka wuraren ba tare da ya yi tunani ba: bayan makaranta kaza, gindin gada, jikin maƙabarta, wajen kangon nan da aka fara gini aka bari, bakin bola. Duk abu ɗaya ya haɗa su, babu idon mutane a wurin.

Kakanninmu sun san wannan, ko da ba su rubuta shi ba. Shiga cikin birni ka bi lungunan Yakasai ko na wajen Kurmi. Gida yana da zaure, zauren yana kallon hanya. A ƙofar gida akwai dakali, dattijo yana kai da carbinsa. Can gaba tela ne ya buɗe ƙofa yana ɗinki, kusa da shi yarinya da farantin gyaɗa, da magariba kuma almajirai sun cika zauren malam. Baƙo ba ya yin taku ashirin ba a ce masa "Sannu, wa kake nema?" ba. Ba ina cewa cikin birni babu daba ba, kowa ya san akwai, kuma tsohuwa ce. Amma faɗan daba tsakanin unguwa da unguwa daban, tare mutumin da ba ka sani ba ka karɓe masa waya daban. Na biyun yana wahala a inda kowa ya san uban kowa.

Yanzu dubi irin ginin da muke yayi. Katanga ta fi tsawon mutum biyu, an ɗora mata waya mai ƙaya, get na baƙin ƙarfe a rufe dare da rana. Mai gidan ya tsare kansa, amma ya makantar da titin. Idan aka jera irin waɗannan gidaje goma, ko aka kewaye ma'aikata ko makaranta da bulo mai tsawon rabin kilomita, an samar da wurin da za a yanki mutum yana ihu, na cikin gida yana jin sa ba ya ganin sa, kuma ba zai buɗe ba.

Hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ce ke amincewa da zanen gini a birnin nan. Me zai hana ta sa sharaɗi a kan manyan tituna, cewa ginin gwamnati da na kasuwanci bulonsa ya tsaya daidai ƙugu, sauran a ƙarasa da sandunan ƙarfe da ake hango waje ta cikinsu? A sa ɗakin maigadi ya kalli titi, a maƙala fitila a jikin katangar ta waje. Kada a fahimce ni a baibai: ba ina kiran a yanka jikin makarantu da masallatai da badala a yi shaguna ba. Mun ga rigimar da wannan ta jawo, har ta kai ga rusau ɗin 2023. Ana iya buɗe wa katanga ido ba tare da an sayar da filin jama'a ba.

Sai gadoji. Daga ta Ƙofar Nassarawa zuwa ta Dangi, ta Hotoro, da doguwar nan ta titin Murtala Mohammed, babu mai musun sun rage cunkoso. Ni ma ina jin daɗinsu idan ina kan abin hawa. Amma sauka ka ce za ka tsallaka ɗaya daga irin waɗannan mahaɗar da ƙafa bayan magariba. Za ka gane cewa wanda ya zana wurin bai taɓa tunanin wani zai zo ba mota ba. Gadojin tsallakawa na masu ƙafa kuma, wasu an lulluɓe gefensu da allunan talla, wanda ke sama ba a ganin sa daga ƙasa. Wace mace ce za ta hau wannan ita kaɗai da dare? Sai ta gwammace ta ratsa titi, a zo ana cewa ba ta da wayewa.

"Ai talauci ne da ƙwaya"

Wannan ce amsar da aka fi ba ni, kuma akwai gaskiya a cikinta. Yaron da ya sha ƙwaya ya ɗauki ɗanbida ba interlok ne ya lalata shi ba. Rashin aikin yi, gidajen da aka haifi yara aka sake su, 'yan siyasar da ke ɗaukar matasa lokacin zaɓe su watsar da su bayan an rantsar, duk suna nan.

To amma yaushe za a gama gyara waɗannan? Shekara goma? Ashirin? Kafin nan ma'aikaciyar jinya da ta tashi aikin yamma fa, da ɗalibar islamiyyar dare, da dattijon da ke fita asuba? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron nan mai ƙwaya a kansa, duk da maye, ya san bambancin gaban mai shayi da bayan maƙabarta. Tun da yana zaɓen wuri, to wurin yana da hannu.

An ma gwada abin a aikace. A 2016 a birnin New York na Amurka an zaɓi wasu rukunin gidajen gwamnati ta hanyar ƙuri'a, aka kafa musu ƙarin fitilu masu ƙarfi, aka bar wasu yadda suke. Da aka zo lissafi, manyan laifukan da ake yi a waje da dare sun ragu da kusan kashi 36 cikin 100 a inda aka ƙara hasken. Ba a yi wa kowa wa'azi ba, ba a raba jari ba. Kano ba New York ba ce, na sani, amma ban ga dalilin da zai sa ɓarawonmu ya fi nasu son haske ba.

"A kama su, a hukunta su"

A kama su mana. Wanda ya soki mutum saboda waya ɗan fashi ne, kuma a 2023 gwamnatin jiha ta ce haka za a riƙa ɗaukar su. Ina goyon baya. Sai dai hukunci yana zuwa ne bayan an riga an zubar da jini, kuma babu rundunar da ke da jami'an da za ta tsayar a kowace kwana ta ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka yi birnin nan.

Abin da na lura da shi, mu a Kano da zarar tsaro ya taɓu sai mu ɗauko hani. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa ɗaukar fasinja. A Yulin 2022 aka hana adaidaita sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Kowane da dalilinsa a lokacin, kuma ba na raina dalilan. Amma duk dokar da ta kwashe mutane daga titi tana da farashi. Wanda dole ta sa ya fita a wannan lokacin, mai jinya a asibiti ko mai gasa burodi, a ƙafa zai tafi, shi kaɗai, a titin da ya yi tsit.

Haka get ɗin da unguwanni ke sawa a bakin lungu. Na ga amfaninsa, 'yan sintiri suna samun sauƙin aiki. Amma wanda ya iso bayan an kulle, a ina zai tsaya yana buga ƙarfe? A waje, cikin duhun da aka guje wa. Unguwar da za ta sa get, ta fara sa fitila da mutum a bakinsa.

Mai shayi ba matsala ba ne

A nan ne na fi saɓawa da mutane da yawa, har da abokaina masu mota. Su a ganinsu gyaran gari shi ne a kori 'yan tebur, a kwashe masu shayi, titi ya yi fes kamar a hoto.

Ka taɓa zama ka kalli teburin mai shayi da ƙarfe goma sha ɗaya na dare? Kwan fitilarsa ɗaya yana haska taku goma ta kowane gefe. Benci biyu, mutum shida ko bakwai, wani na jiran indomi da ƙwai, wani ya gama tun ɗazu amma musun ƙwallo ya riƙe shi. Kusa da shi mai tsire yana juya nama, can mai caji da rediyonsa a kunne. Mai shayin ya san ɗan sahun da ke sauke fasinja a wurin kullum, ya san yaran unguwar da sunansu, kuma idan baƙuwar fuska ta tsaya a gindin bishiya fiye da ƙima, shi zai fara cewa, "Kai, lafiya?" Yana nan tun la'asar, wani kuma tun kafin asuba ya hura wuta. Gwamnati ba ta biyansa ko sisi, ita ma ke karɓar haraji a hannunsa.

Ka kore shi, titin ya yi kyau da rana. Da dare ka samu abin da direban sahun nan yake ƙorafi a kai.

Masu ƙorafi suna da hujja ta gefe guda. A wurare da yawa 'yan tebur sun cinye hanyar masu ƙafa ɗungurungum. Mai shago ya fito da kayansa har bakin kwalta, mai gyaran babur ya baje, mai sayar da katako ya jibge. Ba su kaɗai ba kuma. Zagaya wajen bankuna da manyan shaguna ka ga wanda ya fi kowa hawa kan interlok: mota ce, sau da yawa mai tsada, an ajiye ta an tafi. Ita ba a cika ɗaga mata murya ba.

Maganin shi ne a ja layi. A bar wa mai ƙafa faɗin da mutum biyu za su wuce juna, har da mai keken guragu, kada kowa ya taɓa shi, mai tebur ne ko Alhaji. Bayan layin a ba mai sana'a gurbinsa da lamba, ya san nan ne nasa, babu mai zuwa ya watsar masa da kaya. A madadin haka a ɗora masa sharar gabansa da kula da fitilar da ke kansa. Mutumin da ya san ba za a tashe shi gobe ba shi ne zai kula da wuri. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa da take da ma'aikata a kusan kowace mahaɗa, ta ɗauki motar da ta hau hanyar masu ƙafa da irin zafin da take ɗaukar wadda ta karya dokar danja.

"To wanda ake yi da rana tsaka fa?"

Gaskiya ne, ba duk ƙwace ake yi a duhu ba. Akwai na cikin cunkoso, wajen Kwari, Sabon Gari, Singa, titin Beirut. Shi ma idan ka duba, matsin wuri ne ke ba shi dama. Kana tafiya, tebur a damanka, sahu na gogar kafaɗarka ta hagu, ɗan dako na bayanka yana "hanya, hanya". Wanda ke cikin sahu hannu kawai zai miƙa. Da akwai dakalin titi mai tsayi da 'yar tazara, ko jerin bishiyoyi ko turakun ƙarfe tsakanin mai ƙafa da abin hawa, hannun ba zai kai ba. Sai ya sauko, kuma saukowa cikin kasuwar Kano da wayar wani a hannu, ya san abin da ke biyo baya.

Shi ya sa nake ganin wasu layukan cikin manyan kasuwanninmu ya kamata a hana abin hawa shiga da rana. Manyan motoci da kurkura su sauke kaya da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, tsakanin nan kuma ƙafa da baro kawai. 'Yan kasuwa za su ce ciniki zai mutu. Ni ban yarda ba. Matar da ta zo daga Maraɗi ko Gombe sayen atamfa ba don ta shiga da mota har ƙofar shago ta zo ba. Abin da ke korar ta shi ne ta riƙe jaka a ƙirji tana waige-waige. Duk wanda Allah ya kai Madina ya ga yadda shagunan kewayen Masallacin Annabi suke cika, alhali mota ba ta zuwa bakinsu. Akwai kuma wata riba: layin da ba a toshe ba shi motar kashe gobara za ta iya bi, kuma wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Rufe titi ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk Juma'a muna yi a gaban masallatai. Da sallah mun sha yi don hawa. Ba a taɓa cewa garin ya tsaya ba.

Wuraren tsayawar sahu su ma a tsara su. Yanzu duk inda ka ɗaga hannu nan ne tasha, shi ya sa za ka ga mace ita kaɗai a bakin titi da dare, waya a kunne tana faɗa wa na gida ga ta nan zuwa. A ware wurare masu haske kusa da masu sana'a, mutane su riƙa jira tare.

"Ina kuɗin, ina wutar?"

Gwamnatin da ta iya gina gadar sama da ta ƙasa a mahaɗa ɗaya ba za ta ce murfin lambatu ya fi ƙarfinta ba. Matsalar ita ce murfin lambatu ba a yanka masa kirtani, ba a gayyato baƙi daga Abuja.

Batun wuta kuwa, fitilar sola ta sauƙaƙa shi, amma ta zo da nata ciwon. An sha kafa su a yi murna, bayan wata shida rabi sun mutu. Ƙurar hunturu ta rufe faranti babu mai gogewa, batiri ya yi sanyi ya riƙa ɗaukewa tsakar dare, daidai lokacin da masu fita asuba suke buƙatarsa, wasu kuma a kwance su a sayar. Kwangilar da ba ta ƙunshi gyara na shekaru ba, asarar kuɗi ce. A rubuta lamba a jikin kowane turke da lambar wayar da za a kira. A damƙa kowane jeri a hannun wani sananne, kwamitin masallaci ko ƙungiyar 'yan kasuwar layin, mai unguwa ya shaida. Kuma a rage tsawon wasu. Fitilar da aka yi don mai ƙafa gajeruwa ce, tana gefen titi, ƙasa da rassan bishiya, tana nuna maka fuskar mai tahowa tun daga nesa. Bishiyar kuma a yi mata aski, kada a sare ta, don wanda ya taka Zoo Road da ƙafa a watan Afrilu ya san darajar inuwa.

Wani zai ce titin Zariya da na Katsina na tarayya ne, wancan na jiha, lungu kuma na ƙaramar hukuma. Wanda aka tare da wuƙa bai damu da wannan rabon ba. 'Yan sanda suna da rahoton wuraren da aka fi kai ƙara, masu unguwanni da 'yan sintiri sun san sauran da ba a kai ba. A zauna a fitar da wurare ashirin mafi muni a cikin birni, a bi su ɗaya bayan ɗaya da dare, da injiniya da mai unguwa da mata biyu ko uku da ke bin hanyar kullum, su nuna da yatsa inda suke jin tsoro. Mafi yawan abin da za su nuna, fitila ce da ta mutu, da bola, da kango da mai shi ya manta da shi, da allon talla da ya tare gani. Ɗan majalisar da ke neman aikin mazaɓa, ga shi nan, kuma kuɗinsa bai kai na motocin da ake rabawa ba.